Yadda Mai Bi Zai Auna Wa'azi da Littafi Mai Tsarki Ba Tare da Ya Rabu da Ikilisiyarsa Ba

Duk wanda ya saba sayen hatsi a kasuwar Sabon Gari ya san cewa kafin a shiga ciniki sai an duba mudun da za a yi awo da shi. Idan an buga gindin mudun ya shige ciki, mai saye ya riga ya yi asara tun kafin a zuba masa masara a buhu, ko da mai sayarwa ya tarbe shi da fara'a har ya ƙara masa gyara. A yau Kirista a Zariya yana jin wa'azi ta kafofi da yawa: daga bagaden majami'arsa ran Lahadi, daga rediyo, daga taron farkawa da ake kafa rumfa a yi kwana uku ana yi, ga kuma guntayen bidiyon da ake turo masa ta WhatsApp tun kafin gari ya waye. Kowane mai wa'azi yana riƙe da Littafi Mai Tsarki, kowanne yana jawo aya, amma sau da yawa abin da wannan ya ɗaure wancan ya kwance shi. Abin da nake so in shimfiɗa a nan shi ne hanyar da mai bi wanda bai taɓa shiga makarantar tauhidi ba zai bi ya auna abin da ya ji, kuma ya yi hakan yana zaune daram cikin ikilisiyarsa, domin na ga mutane da yawa da suka fara awon nan da kyakkyawar niyya suka ƙare ba su da majami'a ko ɗaya.

Dole a fara da amincewa da mudun kansa. Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti cewa kowane Nassi hurarre ne na Allah, mai amfani ne wajen koyarwa, da tsawatarwa, da gyaran hali, da tarbiyya cikin adalci (2 Timoti 3:16-17). A Ayyukan Manzanni 17:11 kuma an yabi mutanen Biriya saboda sun karɓi maganar da marmari, suna kuma bin Littattafai kowace rana don su ga ko abin da aka faɗa musu haka yake. Mai wa'azin da suke dubawa kuwa Bulus ne da kansa, kuma Luka, marubucin littafin, bai kira hakan raini ba. Ikilisiyar Angilika ta rubuta wannan ƙa'ida cikin sharuɗɗan bangaskiyarta 39 na shekarar 1571, inda na shida ya ce Littafi Mai Tsarki yana ɗauke da duk abin da ake bukata domin ceto, don haka abin da ba a karanta a cikinsa ba, kuma ba a iya tabbatar da shi daga gare shi ba, ba za a tilasta wa kowa ya gaskata shi ba. Ikilisiyoyin ECWA, da HEKAN, da Baptis duk suna kan wannan tushe. 'Yan'uwanmu na Katolika suna haɗa Nassi da al'adar manzanni da koyarwar ikilisiya, kuma littattafansu 73 ne a maimakon 66, amma su ma ba su yarda wani ya tashi da sabon wahayi ya rushe abin da aka rubuta ba.

Mataki na farko shi ne ka mallaki Littafi Mai Tsarki naka na kanka, a harshen da kake tunani da shi. Mu a ƙasar Zazzau ba mu da uzuri a kan wannan. Likita Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta Angilika, ya zauna a birnin Zariya tun 1905, aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929, inda majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasa irin na magina Hausawa, take tsaye har yau, kuma aikin fassarar da ya ba da ƙarfinsa a kai tare da abokan aikinsa ya kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A wajajen 1980 aka fitar da sabuwar fassara mai sauƙin Hausa. Yana da kyau ka san wacce ke hannunka, domin tsohuwar tana cewa Matta, Yohanna, Misalai da Ru'ya ta Yohanna, sabuwar kuma tana cewa Matiyu, Yahaya, Karin Magana da Wahayin Yahaya. Na sha ganin matashi yana ta juya shafuka yana neman Misalai a sabuwar fassara har aka gama karatu bai same ta ba. Idan kana da halin mallakar biyun, ka ajiye su tare, domin inda jimla ta yi maka nauyi a ɗaya, ɗayar takan buɗe ta. Na waya ma yana da amfani, sai dai na takarda ya fi nuna maka abin da ke sama da ƙasan ayar da kake dubawa, kuma saƙonni ba sa shigowa cikinsa.

Bayan haka ka riƙa zuwa sujada da biro da ɗan littafin rubutu. Ba a bukatar ka kwafe wa'azin duka. Ka rubuta kowace aya da aka ambata, sannan a ƙarshe ka rubuta jimla ɗaya da ta amsa wannan tambaya: me mai wa'azin ya ce in gaskata, me kuma ya ce in yi? Idan ka kasa rubuta jimlar nan, ko dai hankalinka ya tafi wani wuri, ko kuwa wa'azin ya yi ta kewaye bai sauka ko'ina ba.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Idan ka koma gida ka ci abinci ka huta, ka buɗe kowace ayar da ka rubuta, ka karanta surar tun daga farkonta har ƙarshe, in da hali ka haɗa da wadda ta gabace ta. Ka tuna cewa annabawa da manzanni ba su rubuta da lambobi ba. Rabon surori da muke amfani da shi ya fito ne a ƙarni na 13, ana danganta shi da Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma wani maɗaba'i Bafaranshe mai suna Robert Estienne ne ya sa su a 1551. Lambobin suna taimaka mana mu sami wuri da sauri, amma suna kuma sa a yanko magana daga tsakiyarta, kamar wanda ya shigo zaure ana tsakiyar shari'a ya ji jimla ɗaya ya fita yana ba da labari.

Ɗauki Irmiya 29:11, wadda ake rubutawa a jikin kalanda da gilashin mota, inda Ubangiji ya ce ya san shirin da yake da shi domin jama'arsa, shiri na alheri. Gaskiya ce mai daɗi. Amma idan ka fara daga aya ta ɗaya za ka ga wasiƙa ce zuwa ga mutanen da aka kwashe bauta zuwa Babila, aya ta goma kuma ta ce sai shekara 70 sun cika kafin a komo da su. A sura ta 28 akwai wani annabi, Hananiya, wanda ya yi musu alkawarin cewa cikin shekara biyu komai zai wuce, kuma shi ne maƙaryacin. Saƙon Irmiya shi ne su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, su yi masa addu'a. Saboda haka wanda ya ɗauki ayar ya ce maka kafin ƙarshen wata za ka sami aiki ko mota, ya sa maganar Hananiya a bakin Irmiya. Wanda ya karanta surar duka kuwa zai fita da wani abu da ya fi ƙarfi, musamman mu da muke zaune gida da gida da maƙwabtanmu Musulmi a Tudun Wada da Samaru da Hanwa: alherin garin nan alherinmu ne, kuma addu'a dominsa umarni ne.

Haka Filibiyawa 4:13, inda Bulus ya ce yana iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa shi. Daga kurkuku ya rubuta ta, kuma ayoyi biyun da suka gabace ta suna magana ne a kan yadda ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da yalwa da rashi. Aya ce ta mai haƙuri da halin da ya sami kansa. Ta ukun da nake so ka duba da kanka ita ce Zabura 105:15, wadda ake yawan jawowa don a rufe bakin mai tambaya, wato kada a taɓa shafaffun Ubangiji. Karanta daga aya ta tara za ka ga ana maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne sa'ad da suke 'yan kaɗan suna yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, Allah yana gargaɗin sarakuna kada su cuce su. Ba ta hana a yi wa shugaba tambaya ba. Dawuda shafaffen sarki ne, duk da haka annabi Natan ya tsaya a gabansa ya nuna masa zunubinsa (2 Sama'ila 12).

Yayin da kake wannan karatu ka riƙa tambayar kanka wane irin rubutu ne a gabanka. Littafin Karin Magana yana faɗin yadda rayuwa takan kasance, kamar yadda karin maganarmu take yi, kuma ba a riƙe shi kamar takardar yarjejeniya. Labarin tarihi yana faɗin abin da mutane suka yi, har da muguntarsu, ba tare da ya ce a kwaikwaye su ba. Zabura waƙa ce da addu'a. Wasiƙun manzanni kuwa an aika su ga ikilisiyoyi masu suna, masu matsaloli sanannu, don haka sanin matsalar yakan buɗe amsar.

Mataki na huɗu shi ne ka gwada Nassi da Nassi. A jeji Iblis ma ya jawo Zabura 91 ya ce wa Yesu ya faɗo daga kan Haikali, Yesu kuwa ya amsa masa da wani Nassin daga Maimaitawar Shari'a, cewa kada a gwada Ubangiji Allah (Matiyu 4:5-7). Wannan ya nuna cewa ambaton aya kaɗai bai isa hujja ba. Idan wata koyarwa ta tsaya a kan aya ɗaya mai wuyar fahimta, alhali ayoyi goma bayyanannu suna faɗin akasinta, to bayyanannun ne za su fassara mai wuyar. A nan Shaidar Bangaskiya ta Manzanni da ta Nikiya, wadda aka tsara a taron shekarar 325 aka kammala ta a 381, suna da amfani ƙwarai, domin taƙaitawa ce ta abin da masu bi suka karanta a Nassi tun da daɗewa. Idan mutum ya zo maka da abin da ya ce ba wanda ya taɓa ganinsa a shekara dubu biyu sai shi, ka ƙara riƙe jakarka da kyau.

Daga nan sai ka koma ga jimlar da ka rubuta, ka duba inda koyarwar take kai ka. Shin ta kai ka ga Almasihu, da tuba, da gaskiya a ciniki, da riƙon aure da amana, ko kuwa ta kai ka ga dogara ga mutum ɗaya da mansa da ruwansa? Baiko da zakka suna cikin rayuwar ikilisiya, da su ake riƙe ma'aikata da gwauraye da marayu, amma Bulus ya ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da tilas ba (2 Korintiyawa 9:7), kuma da Saminu mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya (Ayyukan Manzanni 8:18-20). Wanda ya yanka wa addu'a farashi ya faɗi a wannan awo. Haka wanda ya ce wa mai hawan jini ko mai ciwon sukari ya zubar da maganinsa don ya nuna bangaskiya. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita (Kolosiyawa 4:14), kuma sunansa asibitin mishan na Wusasa yake ɗauke da shi. Waɗanda suka kawo mana Littafin da Hausa su ne suka buɗe ɗakin shan magani. Haka kuma wanda ya nuna maka tsohuwar gidanku ya ce ita ce ta tare maka arziki, ya raba ka da wadda aka umarce ka ka girmama. Yesu ya ce da 'ya'yansu za a san su (Matiyu 7:16), kuma 'ya'yan itace sukan ɗauki lokaci kafin su nuna, saboda haka kada ka yi gaggawar yabo ko zargi a kan wa'azi guda.

To, idan ka auna ka ga kamar akwai gyara, me za ka yi? A nan ne na taɓa yin kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Ina saurayi, sabon shiga karatun Littafi, wani dattijon fasto ya yi wa'azi ya jawo wata aya a hanyar da na ga ba ta dace da surarta ba. Ana tashi daga sujada, a bakin ƙofa inda yake gaisawa da jama'a, na tare shi da Littafi a buɗe, muryata a sama, 'yan zumuntar mata suna wucewa da kayan kiɗansu suna juyowa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka zo gida ran Talata da yamma, ka zo da Littafinka." Da na je na tarar ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ya ajiye tsohuwar fassara wadda bangonta ya yage aka ɗaure ta da roba, gefen kowane shafi cike da rubutun fensir. Muka karanta surar tare. A kan aya ɗaya ya ce, "Ka yi gaskiya, na ja ta fiye da inda ta tsaya, zan gyara." A kan sauran kuwa ya nuna mini wurare uku da ban taɓa karantawa ba, waɗanda suka tabbatar da maganarsa. Ran Lahadi ya gyara a gaban jama'a ba tare da ya ambaci sunana ba. Ni kuwa sai da na koma na durƙusa na ce, "Baba, ka gafarce ni," domin na kunyata shi a gaban mutanen da ya yi shekaru yana yi wa hidima.

Hanyar da Nassi ya nuna ita ce ta Akila da Bilkisu, waɗanda suka ji Afolos yana wa'azi da ƙwazo amma da saura a saninsa, sai suka ja shi gefe suka ƙara bayyana masa hanyar Allah (Ayyukan Manzanni 18:26). Saboda haka ka bar abin ya kwana, ka yi addu'a a kansa, sannan ka nemi ganin mai wa'azin shi kaɗai. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka tambayi iyali da aiki, sa'an nan ka kawo maganar a matsayin tambaya: "Baba, na karanta surar nan a gida, wannan wurin ya shige mini duhu, ina roƙo ka taimake ni." Wannan ladabi gaskiya ne, domin mai yiwuwa kai ne ba ka gane ba. Kada ka kai maganar dandalin WhatsApp na ikilisiya, kada kuma ka bi gida gida kana tara magoya baya. Idan abin babba ne, ya shafi ainihin bangaskiya ko cutar da mutane, kuma an ƙi sauraronka, Matiyu 18:15-17 ta ba da tsari: ka koma da mutum ɗaya ko biyu, bayan haka a kai wa ikilisiya. Bulus ya ce kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku (1 Timoti 5:19), wannan kuwa kariya ce ga shugaba da mai ƙara baki ɗaya.

Ka kuma koyi bambanta babba da ƙarami. Yawan ruwan baftisma, da irin kayan kiɗa, da tsawon sujada, da ɗaurin ɗankwali abubuwa ne da masu bi na gaskiya suka daɗe suna saɓani a kansu, kuma Romawa 14 ta koya mana yadda za mu zauna da juna a irin wannan. Barin majami'a sai inda aka musanta Allahntakar Almasihu ko tashinsa daga matattu, ko aka mai da ceto abin saye, ko shugabanni suka rungumi zunubi a fili suka ƙi tuba bayan an bi duk matakan. Ko a nan ma, wanda ya fita ya nemi wata ikilisiyar da zai zauna a ƙarƙashin koyarwarta, ya ci Jibin Ubangiji tare da 'yan'uwa, domin Ibraniyawa 10:25 ta hana mu barin taruwa. Ikilisiya ce ta adana littattafan nan, ta kwafe su da hannu ɗaruruwan shekaru, ta fassara su, ta koya wa iyayenmu karatu don su karanta su. Tana ƙarƙashin Maganar, mu kuma a cikinta muke jin Maganar, kuma mai karatu shi kaɗai a ɗaki ba shi da wanda zai ce masa ya karkace.

Saura awon da ya fi wuya. Yakubu ya kwatanta mai jin magana ba ya aikatawa da mutumin da ya dubi fuskarsa a madubi ya tafi ya manta kamanninsa (Yakubu 1:22-24). Yawancin wa'azin da za ka auna za ka same shi daidai, kuma a ranar nauyin ya dawo kanka. Idan an yi wa'azi a kan gaskiya a ma'auni kuma kana da shago, ran Litinin ka duba sikelinka. Idan a kan gafara ne, ka san sunan wanda za ka je wurinsa. A ƙarƙashin jimlar da ka rubuta a majami'a, ka ƙara wata da ke faɗin abu ɗaya da za ka yi kafin Lahadi mai zuwa, ka kuma gaya wa matarka ko mijinki ko wani amini don ya tambaye ka.

Domin kunnenka ya saba da muryar Nassi, ka ɗauki littafi guda ka karanta shi daga farko har ƙarshe maimakon tsinto ayoyi nan da can. Bisharar Markus sura 16 ce, idan iyali suka ɗauki sura ɗaya kowane dare bayan tuwo, cikin kwana goma sha shida sun gama. A bar yara su yi karatun da babbar murya, a bar kaka ta yi tambaya, a rubuta abin da ya gagari kowa a kai wa fasto ko malamin makarantar Lahadi a ƙarshen mako. Bayan Markus a shiga Ayyukan Manzanni, sura 28, daga nan a koma Farawa.